Faman da na sha da filashin butin kafin na ɗauki hoton faifan kwamfutocin shagonmu a Gusau

Ina aiki ne a shagon buga takardu da fotokwafi na kawuna a Tudun Wada, Gusau, kuma duk abin da ya shafi kwamfuta a wuyana yake. Yawancin masu kawo mana aiki ɗalibai ne na Jami'ar Tarayya ta Gusau da na kwalejin ilimi ta FCET, sai masu katin biki da masu neman a cike musu fom. Kwamfutoci biyu ne ƙashin bayan shagon: wata tsohuwar ta kan tebur mai faifai na gigabait 500, da laftof ɗan gwanjo da muka saya daga baya. Abin da zan ba da labari ya faru ne bayan ta kan teburin ta fara wani ƙas-ƙas a ciki, tana daskarewa a tsakiyar aiki. Na sa mata manhajar CrystalDiskInfo, sai ta nuna alamar rawaya da kalmar "Caution", wato faifan ya fara samun wuraren da ba sa karantuwa. Na gaya wa Kawu, ya ce, "To mi ya kamata a yi?" Na ce a sayi sabon faifai irin na SSD, wanda babu abin da ke juyawa a cikinsa, amma kafin a taɓa komai a ɗauki hoton tsohon.

Kawu ya ce ai muna kwafe takardun mutane a filashi, me kuma ake nema. Na yi masa bayani cewa kwafe fayil daban, ɗaukar hoton faifai daban. Kwafe fayil yana tsirar da takardu ne kawai. Hoton faifai kuwa yana kwashe komai yadda yake: Windows ɗin kanta, CorelDraw, direbobin firintoci, haruffan Larabci da muka daɗe muna tarawa, da duk saitin da aka yi shekara da shekaru. Idan faifai ya mutu, sai a zuba hoton a sabo, kwamfuta ta tashi kamar babu abin da ya faru. Wasu abokaina sun ce in tura komai intanet kawai. Wanda yake Zamfara a watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya har mutane suna hawa mota zuwa Funtuwa don su yi kira, ba zai yarda ajiyarsa ta dogara da sabis kaɗai ba. Ga kuma kuɗin datar da za ta tura gigabait sama da ɗari.

Matsalar ita ce ranar da za ka mayar da irin wannan hoto Windows ɗin ma ba ta nan. Dole sai da filashin da kwamfuta za ta tashi daga kansa, wato filashin butin. Na duba manhajojin da ake da su. Macrium Reflect ta daina fitar da ta kyauta, gyaranta na ƙarshe ya tsaya ne a farkon 2024. Acronis ta kuɗi ce. Sai na tsaya a kan Clonezilla, wadda aka ƙirƙira a wata cibiyar kwamfuta ta gwamnatin Taiwan, kyauta ce, kuma a kan Linux take gudana, wato wani tsarin gudanar da kwamfuta daban da Windows. Akwai 'yar'uwarta Rescuezilla mai hotuna da linzami, kuma tana karanta hoton da Clonezilla ta ɗauka.

A durowar shago akwai wani tsohon filashin Clonezilla da yaron da ya riga ni aiki ya bari. Ya tayar da ta kan tebur, amma laftof ko kallonsa bai yi ba. Daga baya na gane cewa tsohon zubi ne mai bit 32, an yi shi ne don tsoffin kwamfutoci, shi ya sa. Na yanke shawarar yin sabo, na hau kabu-kabu zuwa kasuwa wajen masu kayan waya. Wani matashi ya miƙo mini filashi mai gigabait 64 a kan kuɗin da bai kai na mai 16 a wasu shaguna ba, yana cewa, "Yallaɓai, wannan orijina ne, ka ɗauka ba ka nadama." Na saya da sharaɗin in bai yi ba zan dawo da shi. Da na dawo shago na gwada shi da wata ƙaramar manhaja mai suna H2testw, wadda take cika filashi da bayanai sannan ta karanta su ta ga ko sun dawo daidai. Gwajin yana cin lokaci, na bar shi yana yi na ci gaba da buga wa wata ɗaliba furojet. Sakamakon ya nuna ɗan kaɗan ne na farko ke riƙe bayani, sauran duk ƙarya ce aka rubuta a ƙwaƙwalwarsa. Irin wannan filashi ba ya nuna kuskure lokacin da ake rubuta masa abu, sai ranar da kake buƙatarsa. Na mayar da shi, muka ɗan yi ja-in-ja, makwabcinsa wani dattijo ya sa baki, aka canza mini da mai gigabait 16 na cika kuɗi, ya tasam ma naira dubu shida gaba ɗaya. Wannan ya ci gwajin. Faifan waje na terabait ɗaya da SSD mai gigabait 256 kuwa Kawu ya sa aka kawo daga Kano, su biyun sun haura naira dubu ɗari a lokacin, kuma farashin kayan nan yana bin dala ne, don haka kada wani ya riƙe wannan adadi.

Sauke fayil ɗin Clonezilla bai kamata ya zama aiki ba, tunda bai kai gigabait ɗaya ba, amma sabis ɗin unguwarmu da rana sai a hankali. Na sauke wanda sunansa ya ƙare da amd64.iso, wato mai bit 64, kuma duk da sunan yana aiki a kan Intel ma. Saukewar ta yanke ta ci gaba da kanta har ta nuna ta kammala. Na rubuta shi a filashi, na tayar da kwamfuta, jerin zaɓi ya fito lafiya, sai rubutu ya yi ta gudu a baƙin allo ya tsaya a kan "Unable to find a medium containing a live file system". Wannan saƙo yana nufin matakin farko na butin ya yi, amma Linux ta nemi babban fayil ɗin da sauran tsarin ke ciki ba ta samu ba, ko ta same shi a lalace. Abu biyu ne ke yawan jawo shi: fayil ɗin da aka sauke ya samu tawaya, ko kuma ramin USB ɗin da aka soka filashin. Don a raba gardama akwai lambar tantancewa da ake kira SHA256, wadda masu manhajar ke wallafawa kusa da wurin saukewa. A Windows ana buɗe Command Prompt a rubuta certutil -hashfile sai sunan fayil sai SHA256, ta fito da dogon jerin haruffa da lambobi. Nawa bai yi daidai da nasu ba. Na jira tsakar dare lokacin da layi ya yi sauƙi na sake saukewa, wannan karon lambar ta dace.

Wajen rubutawa na yi amfani da manhajar Rufus. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, domin kwafe fayil ɗin iso zuwa cikin filashi kamar yadda ake kwafe waƙa ba ya sa shi ya yi butin. Rufus tana tambayar tsarin fatishan, wato yadda ake raba faifai kashi-kashi, ko MBR ko GPT. Tsoffin kwamfutoci masu BIOS na da, wato tsarin da ke tayar da kwamfuta kafin Windows, suna neman MBR, sababbi masu UEFI da ya maye gurbinsa sun fi sabawa da GPT. Ga fayil irin na Clonezilla, idan ka zaɓi MBR za ka ga ta rubuta "BIOS or UEFI" a gefe, ma'ana filashin zai tayar da iri biyun, kuma shi na zaɓa tunda iri biyun nake da su, na bar tsarin fayil a FAT32. Daga nan sai ta sake tambaya ko a rubuta ta hanyar ISO ko ta hanyar DD. Ta ISO tana barin filashin ya ci gaba da buɗuwa a Windows, ta DD kuwa tana kwafe komai baiti bayan baiti, har Windows ta riƙa ganin kamar filashin ya lalace tana neman a yi masa fomatin. Ana fara gwada ta ISO, in ta ƙi sai a koma DD, kuma in Windows ta nemi fomatin bayan haka a ce mata a'a.

Shiga jerin butin ma sai da sanin maɓalli, kuma kowane kamfani da nasa. A HP F9 ne ke kawo jerin, F10 ke shiga BIOS. A Dell F12 da F2. Lenovo ma yawanci F12, amma ThinkPad F1 ke shiga saitinta. Acer F12 ne, sai dai sau da yawa a kashe yake sai an kunna shi a cikin BIOS. Asus kuwa Esc ko F8. Ana fara dannawa ne tun daga lokacin da aka kunna, ba bayan tambarin Windows ya fito ba. A ta kan teburinmu ramukan USB na gaba sun saki saboda yawan soka filashin ɗalibai, sai na koma na baya waɗanda ke manne da babban allon ciki. Zaɓin farko na Clonezilla ya ba ni baƙin allo babu komai, na sake tayarwa na shiga sauran zaɓuɓɓukan na ɗauki mai ƙaramin allo, ya fito. Akwai kuma zaɓin da ke ɗauke da "To RAM", wanda ke kwashe manhajar duka zuwa ƙwaƙwalwar wucin gadi, ta yadda ko filashin ya motsa aiki ba zai tsaya ba. Tun daga ranar shi nake zaɓa.

Cikin Clonezilla babu linzami, kibiyoyi ne da Enter. Na bi device-image, sannan local_dev, na soka faifan waje, na jira ya bayyana a jeri. A wannan mataki ne gabana ya fi faɗuwa, domin Linux ba ta san C da D ba, sunayen da take ba faifai su ne sda, sdb, sdc. Tambayar farko wurin da za a ajiye hoton take nema, ta biyu kuma faifan da za a ɗauka. Na riƙa duba girman kowanne da sunan kamfaninsa kafin in danna, na rubuta a takarda: 500 na ciki, 1000 na waje, 16 filashi. Na zaɓi savedisk, aiki ya fara, bai yi nisa ba ya tsaya da jan rubutu cewa ba a rufe fatishan ɗin Windows yadda ya kamata ba. Dalili shi ne Windows 10 tana da wani saiti na saurin tashi, wanda idan ka kashe kwamfuta ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana ajiye wani ɓangare ne kamar mai gyangyaɗi. Na koma Windows, na buɗe Command Prompt da ikon mai gudanarwa, na rubuta powercfg /h off, sannan na kashe ta. Wasu suna riƙe Shift ne lokacin danna Shut down, shi ma yana yi. Ban gudanar da binciken faifai na chkdsk mai zurfi ba da gangan, domin faifan da ke ciwo ba a son a yi ta wahalar da shi kafin a kwashe abin da ke ciki.

Karo na gaba ya wuce wancan wuri, ya je ya ci karo da wuraren da suka lalace ya sake tsayawa. Maganin wannan yana cikin yanayin ƙwararru, wato Expert, inda akwai zaɓin -rescue da ke cewa in an kasa karanta wuri a tsallake a ci gaba. Abin da ke wurin ya tafi, amma sauran ya tsira. Na sa aikin bayan la'asar, kuma na roƙi Kawu a bar janareta a kunne ko da wuta ta zo, domin in wuta ta ɗauke a tsakiya sai an faro daga farko, kuma ban san sau nawa faifan zai jure ba. Ya yi ƙorafin kuɗin mai, ya dai yarda. Lokacin da manhajar ke nunawa ba abin dogaro ba ne, sai ta ce saura minti arba'in, ta iso wurin da ya lalace ta koma awa biyu. Na yi magariba da isha'i a masallacin bakin titi ina dawowa ina leƙa allon. A ƙarshe ta tambaya ko a duba hoton a tabbatar zai mayu, na ce e, duk da ƙarin jiran da ke ciki.

Laftof ɗin ne ya kai ni wajen mai gyara. Sabon filashin ya bayyana a jerin butin, Clonezilla ta tashi lafiya, amma a jerin faifai babu na cikin laftof ɗin sam, sai filashi da faifan waje. Na duba ta ko'ina ban gane ba. Washegari na ɗauke shi zuwa wajen wani injiniya da ke gyaran kwamfuta a wajen Kantin Daji, mutum ne da ya girme ni nesa, kuma ya san Kawu. Na tarar da layi, masu fasasshen allo da masu matsalar caji, na zauna a benci har bayan azahar. Da ya zo kaina na faɗa masa, ya ce, "Ɗana, halan ka taɓa wani abu cikin BIOS?" Na ce ban taɓa ba tukuna. Ya ce madalla, domin akwai abin da ake yi kafin nan. Ya tayar da Windows, ya rubuta manage-bde -status, sai ga shi faifan a kulle yake da BitLocker, tsarin Windows na kulle bayanan faifai, mu kuma ba mu taɓa sani ba, domin yawancin sababbin laftof suna kunna shi da kansu idan aka shiga da asusun Microsoft. Ya rubuta manage-bde -protectors -get C: sai wata lamba mai alƙaluma 48 ta fito. Ya ba ni biro ya ce in kwafe ta a takarda in kuma ɗauke ta a waya. Bayaninsa shi ne canza wasu saituna a BIOS, musamman kashe Secure Boot, wato saitin da ke hana kwamfuta tashi da manhajar da ba ta amince da ita ba, yana sa kwamfutar ta zaci an sace faifan, sai ta fito da shuɗin allo tana neman wannan lamba, kuma in babu ita babu mai iya buɗewa. Ya ce ya ga mutane sun rasa aikin shekaru a kan haka, musamman masu laftof ɗin gwanjo da lambar ke cikin asusun wani Bature da ba su san shi ba.

Ya kuma ba ni shawarar a cire kullen gaba ɗaya kafin ɗaukar hoto. Clonezilla tana kwashe wuraren da ke da bayani ne kawai ta matse su, amma faifan da ke kulle ba ta iya gane inda bayani yake da inda babu, sai ta kwashe shi duka, kuma ba ya matsuwa. Muka kashe BitLocker, muka jira ya gama warwarewa, na je na ci abinci na dawo. Sannan ya shiga BIOS ya nuna mini asalin matsalar: saitin faifai yana kan RAID, wanda wasu kwamfutoci ke rubutawa Intel RST. A wannan yanayi faifan ciki irin na NVMe yana ɓoye a bayan wani tsari da Linux ba ta gani ta cikinsa a irin wannan laftof. Ya mayar da shi AHCI, muka tayar da filashi, sai ga faifan ya fito da suna nvme0n1. Gargaɗin da ya yi mini shi ne in na gama ɗaukar hoto in mayar da saitin RAID kafin in tayar da Windows, in ba haka ba za ta fito da shuɗin allo mai cewa INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, domin an girka ta ne da direban RAID. Ba lalacewa ba ce, da an mayar da saitin take tashi. Ya ƙara da cewa masu amfani da filashin ceto da aka gina a kan Windows, irin na Macrium da Acronis, su ma suna gamuwa da ɓacewar faifai a laftof masu Intel zubi na 11 zuwa sama, amma su maganinsu shi ne a sa direban Intel RST a cikin filashin.

Tunda na riga na zauna, na tambaye shi batun Secure Boot, domin kowa a intanet cewa yake a kashe shi. Ya ce ba kullum ba. Sabuwar Clonezilla mai bit 64 tana tashi da shi a kunne. Abin da ke faruwa shi ne tsoffin filashi suna ɗauke da tsohon ɗan fayil ɗin butin da aka daina amincewa da shi, kuma tun sabuntawar Windows ta watan Agusta na 2024 ake yawan ganin saƙon "Verifying shim SBAT data failed" a kan irin waɗannan. Maganin shi ne a sake yin filashin da sabon zubi. Wasu sababbin laftof kuma suna da wani saiti na amincewa da takardar shaidar manhajojin da ba na Windows ba, a kashe yake zuwa, sai an kunna shi filashin Linux ke tashi. Na ba shi naira dubu biyar, ya karɓi uku ya ce in gai da Alhaji.

Na zaci an gama, ashe mayarwa na da nata rigimar. Na cire tsohon faifan ta kan tebur, na sa SSD, na zaɓi restoredisk, sai Clonezilla ta ce faifan da za a zuba wa ya yi ƙanƙanta. Abin da ke cikin tsohon bai kai gigabait 150 ba, sabon kuma 256 ne, amma ita ba yawan kaya take dubawa ba, girman fatishan take dubawa, kuma hoton na faifai mai 500 ne. Hanyar fita ita ce a rage fatishan ɗin tsohon faifan har duka su shiga cikin girman sabon, a sake ɗaukar hoto, sannan a mayar ta yanayin ƙwararru da zaɓin -icds, wanda ke hana ta duba girman faifai. Ban so sake taɓa faifan mara lafiya ba, sai injiniyan ya ara mini wani lafiyayye mai 500. Na zuba hoton a kansa, na rage C a can. Windows ta ƙi ragewa ƙasa da wani wuri saboda fayilolin da ba ta iya matsarwa, ga kuma wani ɗan fatishan na ceto da ke zaune a can ƙarshen faifai, wanda shi ma dole ya matso. GParted ce ta yi wannan aiki, ita ma daga filashi take tashi. Da Kawu ya ƙara kuɗi kaɗan an sayi SSD mai 512, da duk wannan zagaye bai taso ba, kuma wanda bai riga ya saya ba ya sayi wanda ya kai girman tsohon ko ya fi shi.

Bayan an zuba sabon hoton a SSD, na kunna, sai shuɗin allo da lambar 0xc000000e. Windows tana nan lafiya, bayanin da ke nuna mata inda take ne bai dace da sabon wurin ba, tunda an matsar da fatishan. Wannan kuma filashin girka Windows yake buƙata, wato filashi na biyu. A nan ma akwai tarko: FAT32 ba ta ɗaukar fayil ɗaya da ya haura gigabait 4, kuma a cikin iso na Windows akwai fayil mai suna install.wim da yakan wuce haka. Rufus ta san da wannan, tana yin filashin da NTFS ta ƙara ɗan abin da zai sa ya tashi, don haka a bar ta ta zaɓa. Na tayar da shi, a allon farko na danna Shift da F10, baƙar taga ta buɗe. Na shiga diskpart na rubuta list volume don in ga harafin da aka ba fatishan ɗin Windows, domin a nan ba lallai ya zama C ba, nawa D ya zama. Na fita na rubuta bcdboot D:\Windows, ta ce ta ƙirƙiri fayilolin butin. Na cire filashi na sake kunnawa, sai ga hoton bangon da muka saba da shi, CorelDraw a wurinta, firinta ta amsa. Lasisin Windows bai motsa ba, domin yana ɗaure ne da babban allon kwamfuta ba da faifai ba. Fayiloli kaɗan ne suka ƙi buɗuwa, waɗanda suka faɗa a wuraren da suka lalace, kuma tsoffin katunan biki ne.

Abin da zan gaya wa mai shirin wannan aiki shi ne matsalolin suna da jeri, kuma saƙon da ke kan allo yana nuna matakin da aka tsaya. In filashi bai fito a jerin butin ba, a duba yadda aka rubuta shi da ramin da aka soka shi da kuma ko kwamfutar UEFI ce ko tsohon BIOS. In ya fito amma aka ƙi shi da maganar tsaro, batun Secure Boot ne da tsufan zubin. In ya fara tashi ya tsaya a hanya, a tuhumi fayil ɗin da aka sauke ko filashin kansa. In ya tashi amma babu faifai, a duba RAID da AHCI ko direba. Sake yi wa filashi fomatin ba ya maganin uku daga cikin huɗun nan, kuma shi ne abin da yawancinmu ke fara yi. A ɗauki hoton saƙon da waya kafin a kashe, domin mai gyara zai tambaya, kuma "ta nuna wani rubutu" ba ya taimakonsa. Lambar BitLocker a kwafe ta kafin a shiga BIOS. Filashin kuma a gwada shi a kan kowace kwamfuta tun tana lafiya, har zuwa inda za a ga faifan ciki da na waje a jeri, domin wanda ya tayar da ɗaya ba lallai ya tayar da ɗayar ba.

Yanzu na haɗa komai a filashi ɗaya da Ventoy, wadda ake girkawa sau ɗaya sannan a riƙa jefa fayilolin iso a ciki kamar kowane fayil, ta kawo jerinsu lokacin butin. Clonezilla, Rescuezilla, GParted da na girka Windows duk suna ciki. A laftof, karon farko ta fito da shuɗin allo mai cewa "Verification failed", wanda ba matsala ba ce, ana shiga ne a yi rajistar makullinta sau ɗaya daga fayil ɗin da ke cikin filashin, daga nan ba ta sake tambaya. Duk da haka na bar filashin Clonezilla da Rufus ta yi a gefe, domin akwai tsoffin kwamfutocin da ba sa jituwa da Ventoy. Hoton kowace kwamfuta ina sa masa suna da kwanan wata, ina sabunta shi duk ƙarshen wata, ina barin biyu na baya. Faifan wajen ba ya kwana a shago, yana gidan Kawu a Samaru, takardar lambar nan mai alƙaluma 48 ma na yage ta tunda mun sake kunna BitLocker ya ba da sabuwa, sabuwar ce ke cikin ambulan ɗaya da rasit ɗin laftof ɗin.